Ka Saya Da Kunnenka, Ba Da Idonka Ba

A bara ɗan yayata ya shigo ɗakina da wani kwali mai sheƙi, yana murmushi. Wata huɗu ya yi yana tara kuɗin da yake samu a shagon ɗinki inda yake koyon aiki, ya haɗa ya sayi hedifon. Abin ya yi kyau a ido: baƙi wuluk, da fitilu masu canza launi a gefe, an rubuta manyan lambobi a jikin kwalin. Ya ce, "Kawu, ɗana ka ji." Na sa a kai, na kunna wata waƙar Mamman Shata da na fi shekara talatin ina saurare. Abin da na ji ya sosa min rai. Kalangun nan da na san suna magana tiryan-tiryan sun koma wani gunji kamar ana dukan katifa, muryar Shata kuma ta koma can baya, kamar yana waƙa a cikin rijiya. Na duba wayar yaron, sai na ga ya kai sautin ƙurewa. Na tambaye shi dalili, ya ce idan bai ƙure ba, ba ya jin kalmomin sosai. Kafin watan azumi ya kama, kunne ɗaya na hedifon ya mutu, batirin kuma ya daina riƙe caji.

Yaron nan bai yi wauta ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa abin da ake dubawa, shi ya sa ya dogara da kwali da bakin mai shago. Saboda shi, da ire-irensa, na ga ya kamata in yi muku wannan nasiha, ƙannena maza da mata, musamman ku da kuɗinku ke zuwa da gumi, kuma abin da kuke so shi ne ku zauna a gida ku saurari karatun Alƙur'ani, ko darasin makaranta, ko waƙa, ko fim, ba tare da kun dami na kusa da ku ba.

Abu na farko da nake so ka fahimta shi ne inda magana take a cikin sauti. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga mai kauri ƙwarai, wanda ke kaɗawa sau 20 a daƙiƙa, har zuwa mai siriri ƙwarai, wanda ke kaɗawa sau 20,000. Amma muryar ɗan Adam ba a ƙarshen nan biyu take ba, a tsakiya take. Dubi wayar tarho ta da: injiniyoyi sun taƙaita ta ga abin da ke tsakanin 300 da 3,400 kawai, kuma duk da haka kana gane muryar mahaifiyarka da zarar ta ce sallama. A wannan tsakiyar ne mafi yawan abin da ke sa a gane magana yake. Masu ƙera hedifon mai araha sun san cewa abin da ke burge mai saye a minti ɗaya na farko shi ne dukan bes, wato sautin nan mai kauri da ke girgiza kai. Sai su cika shi fiye da kima. Idan bes ya yi yawa, yana danne tsakiya, murya ta dusashe, kai kuma sai ka ƙara sauti don ka kamo kalmomin. Abin da ya faru da ɗan yayata ke nan. Ya sayi abin da ke tilasta masa ya cuci kunnensa kafin ya ji abin da ake faɗa.

Mu Hausawa wannan ya fi shafar mu fiye da yadda muke zato. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya da kuma tsawon wasali, kiɗanmu ma haka. Kalangu ba duka kawai yake yi ba, makaɗi yana matse tsarkiya yana sassautawa don ganga ta bi muryar mutum. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce tal, duk daɗinsa yana cikin ɗan ƙaran nan mai kaifi. Ƙwaryar amada ta Barmani Coge tana da nata kaurin, ba ta buƙatar a ƙara mata. Mai sauraron karatu kuwa, wanda ke bin Shaihi Mahmud Khalil Al-Husari don ya gyara tajwidinsa, yana buƙatar ya ji gunna da ƙalƙala da mafitar kowane harafi a fili. Duk waɗannan a tsakiya suke zaune. Hedifon da ya dace da mu shi ne wanda ke fito da murya tas, ko da ka rage sauti. Idan ka manta da duk sauran abin da zan faɗa, kada ka manta da wannan.

Lambobin jikin kwali ba za su taimake ka a nan ba. Kusan kowane kwali yana ɗauke da "20 zuwa 20,000", mai kyau da marar kyau, domin lambar ba ta gaya maka ko sautin ya daidaita a tsakani. Girman sifikar da ke ciki, milimita 40 ko 50, shi ma ba shaida ba ne. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a kasuwar hedifon ji ne ya kamata ya kori gani.

Sai maganar waya ko Bluetooth. Na san zuciyar yawancinku tana kan marar waya, kuma ban ga laifinku ba, yana da daɗin yawo. Amma ka yi tunanin inda kuɗinka ke tafiya. A cikin hedifon marar waya akwai batir, da na'urar karɓar saƙo, da ƙaramin amfilifaya, da madannai, da makirfo. Idan kuɗin kaɗan ne, duk waɗannan sai sun ci rabonsu kafin a zo kan sifikar da ke yin sautin, sai ta tashi da ɗan abin da ya rage. Mai waya kuwa kusan duk kuɗinsa a kan sauti da gangar jiki yake. Bayan haka, batirin da ke cikin waɗannan kayan yana tsufa ko ka kula da shi ko ba ka kula ba, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, ga shi mu a watan Maris da Afrilu ɗaki kan zama kamar tanda. A yawancin masu araha ba a yi batirin don a canza shi ba. Ranar da ya mutu, hedifon ya mutu. Ka haɗa da halin wutar lantarkinmu, inda wayarka ma da ƙyar take samun caji, sai ka ƙara wa kanka wani abin da ke jiran wuta. Wanda zai zauna a kan tabarma ko a gaban tebur bai rasa komai ba idan waya ta haɗa shi da na'urarsa. Idan har ka nace sai marar waya, to ka nemi wanda ke da ramin sa waya a jikinsa, don ranar da batir ya gaza ka ci gaba da amfani da shi.

Tun da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a shekarar 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, don haka ka duba wayarka kafin ka fita. Idan tana da ramin nan na milimita 3.5, shi ke nan. Idan ba ta da shi, za ka buƙaci ɗan guntun mahaɗi da ke shiga ramin caji. Ka gwada shi a wayarka a gaban mai shago, domin wasu mahaɗan ba su da na'urar sarrafa sauti a ciki, kuma ba kowace waya ce ke aiki da irinsu ba.

Yanzu mu zo kan abin da mutane da yawa ba su ma san akwai shi ba: hedifon iri biyu ne, mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗen baya. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fitar da mai buɗaɗɗen baya a 1968, wanda ya kira HD 414. A irin wannan, bayan sifikar raga ce, iska tana shiga tana fita, sauti yana yin faɗi kamar makaɗan suna gabanka a tsakar gida, kunne kuma ba ya yin zufa sosai. Masana sauti da yawa sun fi son sa don sauraro a gida, ni ma a raina shi na fi so. Amma gidan da suke nufi ɗaki ne na mutum ɗaya, shiru, ƙofa a rufe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: mai buɗaɗɗen baya yana fitar da abin da kake ji ga wanda ke kwance kusa da kai, kuma yana shigo maka da kukan janareton maƙwabta, da injin markaɗe, da hayaniyar yara. Ƙurar hunturu ma tana samun hanyar shiga. Idan kuna kwana uku ko huɗu a ɗaki, ko kana ɗakin kwanan ɗalibai, ka ɗauki mai rufaffen baya wanda ke zagaye kunne gaba ɗaya. Ba don ya fi daɗin sauti ba, sai don yana tare hayaniyar waje, kuma wanda hayaniya ba ta damunsa ba ya buƙatar ƙure sauti. Akwai masu na'urar kashe hayaniya, kuma gaskiya sun fi iya maganin gunji mai ɗorewa irin na janareto, amma masu kyau a cikinsu suna da tsada, kuma su ma batir suke ci.

Lamba ɗaya ce a jikin kwali nake so ka duba, wadda ake rubuta "ohm" a gabanta. A taƙaice, tana nuna yadda hedifon yake da nauyin turawa. Daga 16 zuwa wajen 64, wayar hannu ko kwamfuta za ta iya da shi a mafi yawan lokuta. Idan ka ga 250 ko 300, ka bar shi, domin yana son amfilifaya na musamman, wanda wani kuɗi ne daban. Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma har yau ake yabonsa, 300 ne. Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa iri-iri, akwai 32, akwai 80, akwai 250, sunansu ɗaya. Wanda bai duba ba zai iya kwaso na 250 ya kai gida ya ji sauti ƙasa-ƙasa, ya ɗauka an cuce shi.

Ba na son in mai da wannan nasiha talla, amma ya kamata ku san wasu sunaye, ko don ku gane cewa abu mai kyau ba ya tsufa da wuri. Koss Porta Pro ya fito a Amurka a 1984, ƙarami ne, marar nauyi, mai buɗaɗɗen baya, kuma har yanzu ana ƙera shi kusan yadda yake. Sony MDR-7506 ya fito a 1991, mai rufaffen baya ne, kuma shekara fiye da talatin ke nan ma'aikatan gidajen rediyo da masu ɗaukar sautin fim a faɗin duniya suna aiki da shi, saboda yana fito da murya a fili kuma ana samun kayan gyaransa. Audio-Technica suna da jerin da ya fara daga ATH-M20x, wanda shi ne mai sauƙin kuɗi a cikinsu. M40x da ke sama da shi ana iya cire wayarsa a canza. A can ƙasa wajen farashi akwai Superlux HD681 da Samson SR850, waɗanda ba su da kyan gani, amma sautinsu ya fi kuɗinsu. Su rabi-buɗe ne, suna ɗan fitar da sauti waje, kuma wasu na jin sun cika kaifi. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da fitila ko batir, kuma babu wanda sabon yayi ne. Wayar hannu tana tsufa a shekara uku, amma hedifon mai waya ba haka yake ba, domin kunnen ɗan Adam bai canza ba tun 1984.

Wannan ne ma ya sa gwanjo yake da ma'ana a nan fiye da a sauran kayan lantarki. Tsohon hedifon na asali wanda soson kunnensa ya saɓe ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, domin soso ana saye a canza. Jabu kuwa ya cika kasuwa, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har Computer Village a Ikeja, kamar yadda na ƙwarai ma suke a can. Mafi yawan masu shago mutanen kirki ne, idan ka tambaye su kai tsaye za su gaya maka wannan orijina ne, wannan kwafi ne. Ka tambaya. Idan ka ga babban suna a kan kuɗin da bai kai rubu'in farashinsa ba, ka san amsar tun kafin a ba ka. Araha ba ta ado. Gara ka sayi ƙaramin suna na gaskiya da ka sayi babban suna na ƙarya, domin mai ƙaramin suna yana ƙoƙarin kare sunansa, mai jabu kuwa babu abin da zai rasa. Idan kuma kuɗin bai kai na babban hedifon mai kyau ba, kada ka ji kunyar sayen iyafis mai waya irin mai robar da ke toshe kunne. A ƙaramin kuɗi, sau da yawa shi ya fi bayar da sauti mai tsabta.

Ranar da za ka je saye, ka tafi da wayarka, da abu biyu ko uku da ka sani kamar yunwar cikinka: karatu ɗaya, waƙar gargajiya ɗaya, da wani shirin magana. Kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai shago, domin ya zaɓi wadda ke ɓoye aibin kayansa ko da bai yi niyya ba. Ka fara da sauti ƙasa da rabi. Kana jin kowace kalma? Muryar tana tsakiyar kanka, ko ta karkata gefe ɗaya? Idan ta karkata, sifika ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, ka ajiye. Ka ɗan ƙara sauti ka saurara ko akwai kirrr a lokacin da ganga ta buga. Ka motsa wayar a gindin filogi da inda ta shiga hedifon, domin a nan ne akasari take fara karyewa. Idan sauti ya yanke ko ya yi ƙaras-ƙaras, ka san ranarsa ta kusa. Sannan ka bar shi a kanka kamar minti goma kana hira da mai shago. Abin da ke matse kai a minti goma zai zama ciwon kai a awa ɗaya. Mai tabarau ya gwada da tabaransa. Ke ƙanwata, ki gwada shi a yadda za ki riƙa sa shi a gida, domin kitso da ɗankwali suna canza yadda yake zama, kuma idan soson bai manne da kyau ba, sauti yana zurarewa. Ka taɓa soson ma. Fatar roba mai sheƙi tana tare hayaniya, amma tana sa zufa, kuma a zafinmu takan fara saɓewa. Soso mai yadi ya fi sanyi, sai dai ba ya tare hayaniya kamar ta. Ka tambaya ko ana cire shi. Kafin ka miƙa kuɗi, ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi idan ya nuna matsala, ka karɓi rasit.

Wani abu da kan ba sabon mai saye mamaki shi ne, hedifon mai kyau ba ya rufa asirin mummunan fayil. Waƙar da aka tura daga waya zuwa waya, aka matse ta sau da yawa, ko aka ɗauko ta daga tsohon kaset, za ka ji duk shuuu ɗinta. Ba laifin hedifon ba ne. Idan za a zuba maka waƙoƙi a memori, ka nemi masu nauyi. Fayil na MP3 mai 256 ko 320 ya fi mai 64 tsabta ƙwarai, kuma ba ya cin ko sisi a kan kuɗin hedifon ɗinka.

Na bar maganar da ta fi damuna zuwa nan. A can cikin kunne akwai wani ɗan sashe mai kama da katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ne ke mai da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Sauti mai ƙarfi yana gajiyar da su, idan aka daɗe yana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ba ya zuwa da ciwo, shi ya sa ba a ankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Da ka hau zuwa 90, abin da ya rage maka awa huɗu ne a makon gaba ɗaya. A 100 kuwa, minti 20 ne kacal, kuma wayoyi da yawa da hedifon suna iya kaiwa nan idan aka ƙure. Hukumar ta ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'ura, a kuma riƙa hutar da kunne.

Ba ka da ma'aunin desibel a gida, amma kana da alamu. Idan wani yana tsaye kusa da kai yana magana kuma sai ya ɗaga murya kafin ka ji, sautin ya yi yawa. Idan ka cire hedifon ka ji kunnenka yana wani ƙara siriri, ko ka ji duniya ta yi ɗum kamar an toshe ka da auduga, kunnen ne yake gaya maka ya wahala. Idan hakan ya ƙi tafiya, ka ga likitan kunne, kada ka ɗiga komai a ciki. Na san wani tsohon abokin aikina da ya shafe shekaru yana haɗa sauti a wuraren biki. Yanzu idan muna zaune a majalisa mutane uku suna magana, sai ya riƙa kallon bakinmu, kuma jikarsa idan ta yi masa magana sai ta maimaita. Bai kai sittin ba. Abin da ya fara tafiya shi ne sautuka masu siriri, waɗanda ke rarrabe baƙaƙe, don haka yana jin ana magana amma ba ya gane me aka ce. Duk lokacin da na ga yaro ya yi barci da iyafis a kunne waƙa tana ta bugawa har asuba, shi nake tunawa.

Kuma gida gida ne. Kada ka toshe kunnenka har mahaifiyarka ta kira ka sau uku ba ka amsa ba, ko a kira salla ta wuce ka. Idan kai kaɗai ne babba a gida tare da yara, ka zame kunne ɗaya.

Ɗan yayata ya sake tara kuɗi, wannan karon muka je tare. Mun zagaya shago huɗu kafin muka samu wani tsohon hedifon mai waya, rufaffen baya, wanda fatar sosonsa ta fara barewa. Mai shagon ya rage mana saboda haka, muka sayi sabon soso da ragowar kuɗin. Da muka dawo, ya buga ƙusa a bango kusa da gadonsa, nesa da taga, ya ɗinka masa 'yar jaka da ƙyallen da ya rage a shagonsu saboda ƙura. Na nuna masa yadda ake cire filogi a riƙe kansa, ba a fizgo waya ba, da yadda ake naɗe wayar sako-sako. Daren nan ya kunna waƙar Shatan da na gwada masa da farko, sautin bai kai rabi ba. Can sai ya zame kunne ɗaya ya ce min, "Kawu, ashe kalangun nan ba ɗaya ba ne."